Ayaba a Ƙasar Dusar Ƙanƙara: Tambayoyi da Amsoshi Kan Lambun Ƙasar Zafi a Garin Sanyi

Tun da na dasa ayaba a ɗan filin bayan gidanmu a arewacin Ingila, duk ɗan'uwan da ya kawo mana ziyara a watan Agusta sai ya tsaya a bakin ƙofar baya ya yi shiru, sannan tambayoyi su biyo baya. Wasu sukan koma Jamus ko Kanada su ci gaba da tambayar ta waya. Waɗanda suka fi maimaituwa ne na tara a nan. Duk inda na ambaci digiri, ma'aunin Salshiyos nake nufi. Sunayen Latin da za ku gani kuwa na sa su ne domin da su ake neman shukar a wurin masu sayarwa, ko a wace ƙasa mutum yake.

Da gaske ayaba tana kwana a waje a ƙasar da ake dusar ƙanƙara?

Da gaske ne, amma ba ayabar da muka sani ba. Sunanta Musa basjoo. Asalinta daga kudancin ƙasar Sin take, ta daɗe a lambunan Japan, daga can ta shigo Turai. A ido ba ka raba ta da ayabar fadama: ganyen nan mai faɗi da kan kai mita 2, da jiki mai ɓawo a kan ɓawo. Inda ta bambanta shi ne gindinta na ƙarƙashin ƙasa. Ganyen yana baƙi a daren farko da raɓa ta daskare, jikin yana jure kusan digiri 5 ƙasa da sifili kafin ya lalace, amma gindin, in an lulluɓe shi da kyau, yana tsallake digiri 15 ƙasa da sifili ya sake toho a watan Mayu. Wadda ta fara daga ƙasa takan kai tsayin mutum ko ta wuce kafin Oktoba. Wadda aka tsare mata jikinta shekara da shekaru takan kai mita 3 zuwa 4.

Ayabar ci, irin ta kasuwa, ba ta da wannan juriyar. Ita sai a tukunya, a shigo da ita ɗaka kafin sanyi.

To za mu ci 'ya'yanta?

A'a. In jikinta ya yi shekaru bai mutu ba takan yi fure, har ta saki ɗan nono na ƙananan 'ya'ya masu tauri cike da ƙwallaye, ba sa ciyuwa. Kama da wane ba ta wane. Bayan furen wannan jikin ya gama aikinsa, ya bushe, 'ya'yan da suka fito a gindi su gaje shi. Ganyen dai yana da amfani: ana naɗe alale ko kifi da shi a turara.

Mu ma ai muna da hunturu a gida, kuma itatuwa ba sa mutuwa. Me sanyin nan yake yi wa shuka?

Wannan ita ce tambayar da in mutum ya gane amsarta, rabin aikin ya ƙare.

Hunturunmu busasshe ne, kuma ruwa ba ya daskarewa. A Kano ko Zinder, ko a Jos da ake yi wa kirari da sanyi, safiya takan yi ɗari har haƙora su kaɗa, amma da hantsi rana ta fito ƙasa ta ɗumama. A nan abu uku ne ke haɗuwa lokaci guda. Na farko daskarewa: jikin ganye cike yake da ruwa, in ruwan ya zama ƙanƙara sai ya kumbura ya farfasa naman ganyen daga ciki, shi ya sa da safe za ka ga ganyen ayaba ya yi laushi ya yi duhu kamar an tafasa shi. Na biyu duhu. A Landan, ranar da ta fi gajarta a Disamba ba ta kai awa 8 ba, alhali a Kano yini ba ya kasa awa 11 duk shekara. Na uku, wanda na fi tsoro, shi ne laima. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙasa a jiƙe take sharaf, shuka kuma ta daina sha domin ta daina girma, sai saiwar ta zauna cikin ruwan sanyi wata huɗu ta ruɓe. Yawancin abin da na rasa a lambuna ba ƙanƙara ce ta kashe shi ba, ruwa ne. Dubi dabino: a duwatsun Azbin yakan gamu da daren da ruwa ke daskarewa, ya kuma rayu, domin ƙafarsa a busasshiyar ƙasa take. Kawo shi cikin laka mai jiƙa ta Ingila, sanyin da bai kai wancan ba sai ya gama da shi.

Akwai kuma tsirran da ba sai ruwa ya daskare ba. Kuɓewa, zogale, gwanda, da zarar dare ya sauka ƙasa da digiri 10 sun fara ƙwamewa.

Ta yaya zan san irin sanyin garin da nake?

A Amurka ma'aikatar noma tana da taswira da ta raba ƙasar shiyya 13 bisa mafi tsananin sanyin da aka saba samu a shekara, an sabunta ta a 2023. Shiyya ta 8 tana nufin digiri 7 zuwa 12 ƙasa da sifili, ta 7 daga 12 zuwa 18, ta 6 daga 18 zuwa 23, ta 5 daga 23 zuwa 29. Masu sayar da tsirrai a ƙasashe da yawa suna aiki da waɗannan lambobin. A Birtaniya za ka ga harafin H da lamba a jikin takardar shuka: H3 ba ta wuce digiri 5 ƙasa da sifili, H4 tana kai 10, H5 tana kai 15.

Amma lambar nan sanyi kawai take faɗa, ba ta faɗin zafi, kuma wannan babban giɓi ne. Birtaniya tana samun ɗumi daga igiyar ruwan teku da ke tasowa daga mashigin Meziko, don haka sanyinta da sauƙi, zafinta ma da sauƙi. A lambun Inverewe da ke arewa maso yammacin Sikotilan, wanda Osgood Mackenzie ya fara a 1862, tsirran ƙasashen ɗumi suna rayuwa a waje, alhali wurin ya fi Mosko kusa da ƙuryar arewa. Amma je ka shuka kuɓewa a fili a can ka gani, ba za ta yi ba. A Ohayo ko Toronto kuwa akasin haka ne: sanyi mai kisa, sannan watanni uku na zafi sosai da kuɓewa ke jin daɗinsu. Mai lambu a Ingila ya fi samun sa'a da tsirrai masu jure sanyi su zauna dindindin. Mai lambu a tsakiyar Amurka ya fi samun sa'a da masu tashi da sauri a cikin zafi, a kwashe su kafin sanyi.

Abin da ya fi taswira shi ne ƙafarka. Zaga unguwa a watan Maris ka ga me ya tsira a gidajen maƙwabta, daga na gaba ake gane zurfin ruwa. A cikin gida ɗaya ma wuri ya fi wuri. Jikin bangon da ke fuskantar kudu yana shan rana da yini ya saki ɗumin da dare. Iska mai sanyi kuwa nauyi gare ta, gangarawa take kamar ruwa ta taru a kwari, don haka lungun da ya fi ƙasa a lambunka shi ne zai fara daskarewa ya kuma riga kowa kashe shuka.

Yanzu zan fara. Me zan saya?

Shawarata, wadda nake maimaitawa har a gaji da ni: kada ka fara da tsirran gida. Fara da masu kama da na gida waɗanda sanyi ba baƙonsu ba ne, su zama ginshiƙan lambun, wasunsu ma za su tsaya kore ko a Janairu. Yawancinsu daga duwatsun Sin da Japan suke, inda ake damina mai zafi da hunturu mai ƙanƙara.

Na farko Trachycarpus fortunei. Ganyenta kamar mafici, irin na giginya da goruba, kututturenta lulluɓe da gashi kamar buhun algarara. Sunan Robert Fortune aka ba ta, mutumin Sikotilan da ya kawo ta Birtaniya daga Sin a 1849. Babba tana jure digiri 15 ƙasa da sifili ba tare da an rufe ta ba. Iska ce ba ta so, tana karairaya mata ganye, saboda haka in gidanka a fili yake ka nemi 'yar'uwarta wagnerianus mai gajeren ganye mai tauri. Ba ta sauri a shekarun farko. In da hali, a sayi wadda ta riga ta yi ɗan kututture, ta fi ƙarama juriya nesa ba kusa ba.

Sai Fatsia japonica don wurin inuwa, ganyenta mai yatsu kamar na gwanda, mai sheƙi, ba ruwanta da kulawa. Sai Tetrapanax papyrifer, musamman wadda ake kira 'Rex', daga Taiwan, ganye ɗaya yakan yi faɗin faifai uku. Ita tana zubar da ganye da sanyi, tana kuma aika 'ya'ya ta ƙarƙashin ƙasa su ɓullo nesa da uwar, sannan ƙurar da ke jikin ganyenta tana sa tari, a rufe hanci in za a yi mata aski. Sai gora. Sai ɓaure irin na ci, 'Brown Turkey' a Ingila ko 'Chicago Hardy' a Amurka, wanda a jikin bangon kudu yake ba da 'ya'ya na gaske. Da waɗannan da ayabar da muka fara da ita, lambu ya tashi. Sauran duk ƙari ne.

Dabino fa? Giginya da goruba fa?

Giginya da goruba a haƙura. Ba sa jure daskarewa, kuma tukunya ba ta ɗaukarsu. Duk wanda ya taɓa tonon muruci ya san yadda ƙwallon giginya ke nutsa ƙafarsa can ƙasa kafin ya fito da ganye ko ɗaya. Ƙwallon dabino kuwa yana tsirowa a ɗaki mai ɗumi cikin 'yan makonni, yara suna son ganin haka, kuma yana zama a tukunya shekaru. Dangin dabino da ke zama a waje shi ne na tsibiran Kanari, Phoenix canariensis, ana ganin manyansa a tsakiyar Landan da gaɓar kudu maso yammacin Ingila. A wajenmu nan arewa caca ne, yakan yi shekara biyar lafiya, shekara ta shida sanyi ya ɗauke shi.

Yaya ake rufe ayabar kafin sanyi?

Ba a fafe gora ranar tafiya, a tanadi kayan tun Oktoba: busasshen karan alkama ko busasshen ganye, ragar waya irin ta kejin kaji, sanduna huɗu, igiya, da abin da zai zama rufi.

Ina jira sai daskararriyar raɓa ta farko ta baƙanta ganyen, yawanci a Nuwamba. Sai in yanke ganyayen duka, in bar jikin tsaye. In kafa sandunan a kewaye, tazarar kamu ɗaya ko biyu daga jikin, in zagaye da ragar, in cusa karan a tsakani har sama, ba a danne shi da ƙarfi ba, domin iskar da ke maƙale a cikinsa ita ce bargon. Gindin in tula masa ganye ko ɓawon itace mai kaurin taƙi guda. A bisa in kifa wani abu da zai hana ruwan sama shiga, kamar hula, gefe kuwa in bar shi yana shan iska.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne naɗe jikin da leda tam. Leda tana tara gumi, gumin ya haifar da fumfuna, a buɗe a watan Afrilu a tarar da ruɓaɓɓen abu mai wari. Na rasa jiki biyu ta haka a shekarata ta biyu, kuma na ji zafin abin, domin shekara biyu na girma ne suka tafi. A busasshiyar rana ake rufewa, da busasshen kara. A Afrilu a fara sassautawa, a yanke saman da ya yi laushi har a kai inda ya yi tauri, a tsakiyarsa za a ga sabon ganye a nannaɗe yana turowa.

In garinku sanyi yana wuce digiri 15 ƙasa da sifili, kada ka wahalar da kanka kan jikin. Sare shi kusa da ƙasa, tula ganye mai yawa, rufe, jira Mayu.

Na ga wata ayaba mai jan ganye. Ita ma haka za a yi mata?

A'a, wannan ba ta jure daskarewa ko kaɗan. Ensete ventricosum ce, irin 'Maurelii', ayabar Habasha. A kudancin Habasha abinci ce ta miliyoyin mutane, ba 'ya'yanta ake ci ba, jikinta da gindinta ake kankarewa a binne su tsima a yi gurasa. A nan ado ce, kuma a ganina babu shukar da ta kai ta kwarjini. Kafin sanyin farko ake tone ta, a yanke ganye da yawancin saiwa, a kifa ta kai ƙasa kwana biyu ko uku ruwan da ke maƙale a hammatar ganyen ya tsiyaye, sannan a ajiye ta a busasshen wuri mai digiri 5 zuwa 10. A Maris a mayar da ita tukunya, a fara ba ta ruwa kaɗan kaɗan.

Kusan haka ake yi wa Canna da Dahlia, furannin ado masu gindi a ƙarƙashin ƙasa, da gwaza. In sanyi ya taɓa ganyen, a sare a bar kamu ɗaya, a tono, a kakkaɓe ƙasa, a bar su su sha iska, a jera a akwati cikin ƙasa mai ɗan danshi kaɗan, a gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ba ya daskarewa. Wata wata a leƙa a cire wanda ya fara ruɓa. Gwaza ba sai an saye ta da tsada ba. Wadda ake sayarwa don ci a shagunan 'yan Afirka da 'yan Asiya tana toho in an sa ta a tukunya kusa da hita a watan Maris, haka citta da gangamau. Ganyen gwaza a bakin ɗan kududdufi, ruwa yana gangara a kansa kamar azurfa, ya isa ya mayar da mutum fadamar garinsu.

Yaya, zogalena yana mutuwa duk shekara. Ina kuskuren yake?

Ƙanwata, kusan na tabbata ruwa ne. Zogale yana da saiwa mai kauri kamar rogo, wadda ke riƙe masa ruwa a lokacin rani, kuma ita ce ke saurin ruɓa in ta haɗu da sanyi da laima. Ki sa shi a tukunya mai zurfi, ƙasar ki cakuɗa ta da yashi da tsakuwa, ki tabbata ƙasan tukunyar a huje yake. Ki shuka a Afrilu a bakin tagar da ta fi rana, ya fita waje a Yuni, in ya kai gwiwa ki tsinke kansa ya yi rassa, ki riƙa tsinkar ganye har Satumba. Da dare ya fara sauka ƙasa da digiri 12 ki shigo da shi. Zai zubar da ganye ya zama sanda, kada ki tsorata ki ƙara masa ruwa, barci yake. Ɗan kofi ɗaya a wata ya ishe shi. Ko da haka wani lokaci ba ya farkawa, shi ya sa nake ajiye iri in sake shukawa kowace shekara. Kada ki sa ran bishiya irin ta tsakar gida. Kwaɗo biyu ko uku a shekara, wannan ana samu.

Yakuwa, kuɓewa, alayyafo?

Tsirran gida a nan baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne. Wata huɗu za su yi maka su tafi, in ka karɓe su a haka za ka ji daɗinsu.

Alayyafo shi ne mafi sauƙi, a shuka a Yuni, yana yi har a arewacin Ingila. Kabewa ma haka. Attaruhu a fara shi a ɗaka tun Janairu ko Fabrairu domin yana da jinkiri. Kuɓewa da lalo da gauta suna son ɗakin gilashi a Birtaniya da arewacin Jamus, amma a inda zafi ke yin zafi da gaske suna yi a fili.

Yakuwa tana da wani sirri. Ganye za ka samu, miya za ta yi. Zoɓorodo ne ba za ka samu ba, kuma ba laifin taki ba ne. Yakuwa tana duba tsawon yini kafin ta yi fure, sai yini ya gajarta ya dawo wajen awa 12. A gida hakan yana dacewa da ƙarshen damina. A Landan kuwa yinin Yuni ya haura awa 16, ba ya saukowa 12 sai ƙarshen Satumba, kafin furen ya ƙulla sanyi ya iso.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne gero. Akwai wani iri mai jan ganye da jan zangarniya, 'Purple Majesty', da aka fitar a Jami'ar Nebraska, ya ci babbar lambar yabo ta tsirran ado a Amurka a 2003. Geron da muke daka don fura shi ne Turawa ke saya a tukunya su ƙawata ƙofar gida. Nakan shuka shi layi guda a jikin shinge kowace shekara, tsuntsaye su cinye zangarniyar a Oktoba.

Yaushe ake fitar da su waje?

Sai an tabbata daren daskarewa na ƙarshe ya wuce. A kudancin Ingila tsakiyar Mayu, a arewa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Jamusawa suna jiran kwanakin 11 zuwa 15 ga Mayu su wuce, mutanen Ontariyo suna jiran hutun da ke zuwa kafin 25 ga Mayu. Rana mai daɗi a Afrilu yaudara ce. Daren da sama ta yi tas, taurari suka fito, iska ta tsaya cak, shi ne daren haɗari, domin ɗumin ƙasa yana tserewa sama babu gajimaren da zai tare shi.

Shukar da ta yi wata shida a ɗaka kuma ba a jefa ta cikin rana kai tsaye, ganyen ƙonewa zai yi. A fara da inuwa, awa biyu, a ƙara kullum, kwana 10 zuwa 14.

Ruwa da taki fa?

Daga Yuni zuwa Agusta ayaba da Canna da gwaza ba sa ƙoshi. Ruwa sosai, ruɓaɓɓen taki a gindi, kashin kaji na buhu duk bayan 'yan makonni. A tsayar da taki a ƙarshen Agusta, domin sabon toho mai laushi shi sanyi ke fara ci. In ƙasarka laka ce, yi kunya mai tudu ka haɗa da tsakuwa ka dasa a bisa, kada ka haƙa rami a cikin laka ka zuba ƙasa mai kyau, rijiya ka gina wa saiwar. Babban ɓarawo a nan dodon koɗi ne, har da wani irinsa marar ƙoƙo a baya, dare ɗaya suna cinye tohon Canna. Da fitila nake bin su bayan isha'i a watan Mayu.

Gidan haya nake, baranda kawai gare ni.

Tukunya ta ishe ka, amma ka sani saiwar da ke tukunya ta fi ta cikin ƙasa fuskantar sanyi, domin ta kowane gefe yake shigarta. Shukar da aka ce tana jure digiri 15 a ƙasa, a tukunya kada ka yarda da wannan lambar. Jawo tukwanen jikin bango, haɗa su wuri ɗaya, naɗe tukunyar da tsohon bargo, ɗora ta kan bulo ruwa ya riƙa fita. A Birtaniya da Jamus kuma ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi suna ba da hayar 'yar gayauna da kuɗi kaɗan a shekara. Layin jira yakan yi tsawo, rubuta sunanka tun yau.

Zan iya tahowa da iri ko dashe daga gida?

A yi hattara. Tun 14 ga Disamba 2019, Tarayyar Turai ba ta yarda a shigo da tsiro, iri, ganye ko 'ya'yan itace daga waje sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, ko da a jakar hannu ne. 'Ya'yan itace biyar kaɗai aka ware: ayaba, abarba, kwakwa, dabino da duriyan, wani ɗan itacen Asiya. Birtaniya, Amurka da Kanada kowace da nata sharuɗɗa masu tsauri, musamman kan ƙasa da saiwa. Abin da ke jakarka ka bayyana shi a filin jirgi. Ba don tara kaɗai ba, ƙwaro ɗaya a cikin dunƙulen ƙasa yana iya zama annoba ga manoman ƙasar da ta karɓe ka. Irin zogale, yakuwa da kuɓewa duk ana samunsu a wurin masu sayar da iri na cikin ƙasar.

Akwai waɗanda ya kamata in guje wa?

Akwai. Zurma tana da kyau ƙwarai a lambu, musamman mai jan ganye, tana kai mita 2 a shekara guda, amma ƙwayarta guba ce mai kisa, gidan da ke da ƙananan yara a bar ta. Brugmansia mai fure kamar kakaki dangin zaƙami ce, wanda ya san zaƙami ba sai an yi masa bayani ba. Gora kashi biyu ce: Fargesia tana zama a inda aka sa ta, Phyllostachys tana gudu ta ƙarƙashin shinge ta ɓullo a gidan maƙwabci, ta jawo rigimar da ba ta ƙarewa. Doka ma tana canzawa. Trachycarpus ɗin nan da na yaba ta bazu a dazuzzukan kudancin Suwizalan har ƙasar ta hana sayar da ita daga 1 ga Satumba 2024, Birtaniya kuma ta hana sayar da wata Gunnera mai ƙaton ganye a Disambar 2023.

A Kanada nake, sanyinmu yana wuce digiri 25 ƙasa da sifili. Ni fa?

Kai hanyarka ita ce ta tono da ajiya: Canna, gwaza, ayabar Habasha, ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kusan kowane gida ke da shi a can. Dusar ƙanƙara mai kauri ma abokiyarka ce, bargo take zame wa saiwa. Sannan akwai tsirrai biyu 'yan asalin nahiyar da nake yi maka sha'awarsu. Hibiscus moscheutos, dangin yakuwa da rama, tana mutuwa har ƙasa da sanyi, ta makara wajen tashi, sannan a Agusta ta buɗe fure mai faɗin faranti. Sai Asimina triloba, bishiyar da ke tsirowa da kanta daga gabashin Amurka har kudancin Ontariyo, dangi ɗaya da gwandar daji. Manyan ganyenta a rataye suke kamar na mangwaro, 'ya'yanta suna nuna a Satumba ko Oktoba, ɗanɗanonsu tsakanin ayaba da mangwaro. A dasa biyu mabambanta domin su yi wa juna barbara.

Afrilu ta yi, shukata baƙa ƙirin, ba alamar rai. In tuge ta?

Kada ka tuge. Bayan Disambar 2010, wadda ta fi kowace Disamba sanyi a Birtaniya cikin shekara 100, da kuma bayan sanyin Disambar 2022, mutane da yawa sun tuge Cordyline australis, wata mai kama da dabino daga Niyu Zilan, ganin kututturenta ya ruɓe yana wari. Waɗanda suka sare ta kawai suka bar gindin sun ga 'ya'ya sun fito masa da zafi ya kankama. Tawa ma a 2022 har ƙasa ta mutu, sai ƙarshen Yuni na ga toho uku.

Ka kankare ɓawon da farce, in ka ga kore a ciki da rai. Ayaba ka danna gindinta, in da tauri ka bar ta. Mai kama da giginya kuma ka ja sabon ganyen tsakiya a hankali. In ya zare a hannunka, ruwa ya shiga zuciyarta, ka tsane ramin, ka yi mata rumfa kada ruwan sama ya ƙara shiga, sau da yawa takan turo wani. Ka sa sanda a wurin don kada a taka, ka rage ban ruwa, kada ka zuba taki sai ka ga ganye. In Yuli ta shiga babu motsi, a lokacin ne za ka ɗauko shebur.